Dinarin Shekara ta 77: Kwandalar da Attajirai ke Jira Shekara da Shekaru



Kusan kowane mako sai an turo mana sanarwar nan a waya: nisabin zakka kaza, mafi ƙarancin sadaki kaza, diyya kaza. Mai shirin yi wa ɗansa aure ya duba layin sadaki, mai hali ya duba na zakka, sauranmu mu wuce. Duk lissafin a kan abu ɗaya aka gina shi, wato dinari. Ashirin ɗinsa nisabi, rubu'insa mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, dubunsa diyya. Amma ka tsaya a wurin ɗaurin aure ka tambayi masu ambaton rubu'u dinar ko sun taɓa ganin dinarin ido da ido, da wuya ka samu mutum ɗaya. Mun mayar da shi alƙaluma kawai. Alhali abu ne da ake riƙewa a tafin hannu, yana da nauyi, yana da shekarar haihuwa. Kuma akwai masu tara tsofaffin kuɗi a duniya da ba su da burin da ya wuce su mallaki na farkon fari, wanda aka buga a shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697 Miladiyya.

Mu fara da sunan. Masana harshe sun ce kalmarmu ta zinariya daga dinar ta fito, kuma maƙwabtanmu Barebari har yau dinar suke ce wa zinariya. Shi kuwa dinar ɗin ba Balarabe ba ne, asalinsa denarius, sunan wani kuɗin Rumawa. Wannan ya nuna maka daga inda abin ya taso. A zamanin Manzon Allah (SAW) da halifofi huɗu, Larabawa ba su da kuɗin zinariya na kansu. Dinarin da aka ambata a Suratu Ali Imrana, wanda sahabbai suka yi ciniki da shi suka fitar da zakkarsa, bugun Rumawa ne. Nauyinsa kusan giram 4.5, da hoton sarkin Rum a fuska ɗaya, da gicciye a kan matakala a ɗaya fuskar. Dirhamin azurfa kuma na Farisa ne, da kan Kisra a gaba da wurin bautar wuta a baya. Haka aka ci Sham, aka ci Masar, aka ci Iraƙi, amma kuɗin da ke aljihun Musulmi na waɗanda aka ci da yaƙi ne. An fi shekara hamsin a haka. Ba sakaci ba ne. Kowane ɗan canji a cikinmu ya san kuɗi amana ne, mutum ba ya karɓar abin da bai saba gani ba, ko da hukuma ce ta miƙo masa.

Wanda ya sauya wannan shi ne Abdulmalik ɗan Marwan, halifa na biyar a daular Banu Umayya, wanda ya yi mulki daga 65 zuwa 86 bayan Hijira. Ya hau karaga daular na neman tarwatsewa. Abdullahi ɗan Zubairu yana Makka, Hijaz da Iraƙi sun yi masa mubaya'a, ga Hawarijawa sun tayar da ƙura a gabas, ga Rumawa a arewa suna jiran ɓaraka. Don ya samu sararin fuskantar rikicin cikin gida, sai da ya yarda ya riƙa biyan sarkin Rum, kuma malaman tarihi na Larabawa sun ce dinari 1,000 ne kowace Juma'a. Ka dubi wannan lamari: halifan Musulmi yana biyan kuɗin zaman lafiya ga sarkin Rum, da kuɗin da ke ɗauke da hoton sarakunan Rum.

Sai a shekara ta 73, bayan Hajjaju ɗan Yusuf ya ci Makka aka kashe Ibn Zubairu, sannan ƙasa ta dawo hannu ɗaya. A daidai waɗannan shekarun aka gina Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus, sulhu da Rum ya warware, kuma aka soma mayar da littattafan hukuma zuwa Larabci daga Girkanci da Farisanci. Batun kuɗi yana cikin wannan tafiyar.

Malam Balazuri, a littafinsa Futuhul Buldan, ya kawo labarin abin da ya fusata halifa. A lokacin, takardar rubutu daga Masar ake kai wa Rumawa, irin wadda ake yi da ciyawar bakin kogin Nilu, su kuma dinari ke fitowa daga wajensu. Masu yin takardar Kiristocin Masar ne, kuma sun saba sa alamar addininsu a kan kowane ƙunshi. Abdulmalik ya sa aka maye gurbinta da kalmomin tauhidi. Sarkin Rum ya aiko cewa ko a daina, ko kuma ya sa a rubuta abin da Musulmi ba za su so ji ba game da Annabinsu a jikin dinari. Abin ya dami halifa, domin kuɗin nan gida-gida zai shiga. Sai Khalid ɗan Yazidu ɗan Mu'awiya ya ba shi shawara ya haramta dinarinsu ya buga nasa. Su ma Rumawa suna da nasu labarin: marubucinsu Tiyofanis ya ce sarki Jastiniyan na biyu ya ƙi karɓar biyan da aka kawo masa da sabon kuɗin da bai sani ba, daga nan yaƙi ya ɓarke. Shi Jastiniyan ɗin ne kuma ya fara sa hoton da suke cewa na Annabi Isa (AS) ne a fuskar dinarinsa. Ko ta wace fuska ka ɗauko zancen, kwandala ta zama filin daga.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne ba dare ɗaya aka kai ga dinarin da muka sani ba. Gwaji aka yi ta yi, kuma gwaje-gwajen suna nan a gidajen tarihi. Da farko kwaikwayon na Rum aka yi: mutum uku a tsaye kamar yadda yake a kuɗin Hiraƙla da 'ya'yansa, sai dai an cire gicciyen da ke kansu da hannunsu, a baya kuma an cire sandar kwance ta gicciyen, ta bar sanda ɗaya a tsaye kan matakala, aka zagaye ta da kalmar shahada. Daga shekara ta 74 sai aka fito da wani sabo fil. Mutum ɗaya ne a tsaye, da gemu, da doguwar riga, hannunsa a kan takobi cikin kube. Halifa ne da kansa. Wannan zai ba wasu mamaki, amma haka ne, akwai dinarin Musulunci mai hoton halifa, an buga shi daga 74 har zuwa 77. Sannan a cikin ita shekarar 77 ɗin aka ajiye hoto gaba ɗaya.

Sabon dinarin ƙarami ne, faɗinsa kamar santimita biyu, nauyinsa giram 4.25, zinariyarsa kuwa kusan tsantsa. Babu hoto, babu ado, rubutu ne zalla irin na Kufa, wanda shi ne kakan rubutun Magaribi da muka koya a allo. A tsakiyar fuska ɗaya kalmar tauhidi ce a layi uku, an zagaye ta da ayar aiko Manzo da ke cikin Suratut Tauba. A ɗaya fuskar wani yanki ne na Suratul Ikhlasi, a gefe kuma aka rubuta da sunan Allah an buga wannan dinari a shekara kaza, shekarar da kalmomi, ba da lambobi ba. Wanda ya san rigimar da ake yi da Rum a lokacin ya san ba da ka aka zaɓi waɗannan ayoyi ba, amsa ce ga aƙidar Rumawa, aka sa ta a abin da kowa zai taɓa. Ga kuma wani abin lura: mutumin da bara-bara nan hotonsa ke jikin kuɗi, yanzu ko sunansa babu. Babu sunan halifa, babu sunan garin da aka buga, ko da yake masana sun tafi a kan Dimashƙa ne. Da hannu ake buga shi ɗaya bayan ɗaya. A yanko zinariya daidai awo, a ɗora ta a kan hatimin ƙarfe, a kifa wani hatimin a sama, a sauke guduma. Shi ya sa ba ka samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Jim kaɗan aka yi wa dirhami irin wannan gyara, a kan cewa dirhami goma nauyin dinari bakwai ne.

Wannan giram 4.25 shi ne miskali, kuma shi ne ke cikin sanarwar da ake turo mana. Ka ninka shi ashirin, ka samu giram 85 na nisabi. Ka raba shi huɗu, ka samu giram ɗaya da ɗan ɗoriya na sadaki. Malamai na baya da suka so sanin ainihin nauyin dinarin shari'a, dinaran Abdulmalik da suka rage aka ɗora a sikeli.

Ba kowa ya yi murna da shi ba a farko. Wasu malamai sun ƙi jinin a sa ayar Alƙur'ani a abin da mai janaba da mai haila da wanda ba Musulmi ba za su riƙe, har aka riƙa kiran dirhamin da Hajjaju ya buga makaruhi. Amma kasuwa ta karɓa, don awonsa ba ya tashi, zinariyarsa ba ta da algus. Banu Umayya ba su sake taɓa fasalinsa ba har daularsu ta faɗi a 132, shekara kawai ake canzawa. Abbasiyawa da suka kawar da su ma kaɗan suka gyara. Sunansa ya kai inda rundunar Musulmi ba ta taɓa zuwa ba. A tsakiyar Ingila, Sarki Offa na Mercia, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ya sa an buga masa kwaikwayon dinarin Halifa Mansur na shekara ta 157, da kalmar shahada da komai, aka cusa sunansa da haruffan Latin a tsakiya. Maƙerin bai iya Larabci ba, sai sunan sarkin ya fito a kife, rubutun kuma da kurakurai. Yana nan a gidan tarihin Birtaniya. Ana yawo da hotonsa a intanet wai hujja ce sarkin ya musulunta. A ganina wannan son zuciya ne. Mutumin da ya gina majami'u ya yi hulɗa da Fafaroma, abin da ya gani shi ne kuɗin da 'yan kasuwa ba sa mayarwa, ya kwaikwaya, kamar yadda Larabawa suka fara da kwaikwayon na Rum.

To ina mu a cikin labarin? Zinariyar dinaran farko daga tsofaffin kuɗin Rum da aka narkar da ma'adinan Larabawa da na Masar ta fito. Amma bayan ƙarni biyu zuwa uku, babban kaso na zinariyar da ake buga dinari da ita a Arewacin Afirka da Andalus daga Afirka ta Yamma take, daga Bambuk da Bure, wajen Mali da Senegal da Gini na yau. Raƙuma ke ɗaukarta su ratsa Sahara zuwa Sijilmasa a kudancin Maroko. Murabiɗai da suka kama wannan hanya a tsakiyar ƙarni na 11 sun buga dinarin da ya yi suna har Turawan Sifen suka sa wa kuɗinsu marabedi, daga sunansu. Malam Bakri na Andalus, wanda ya yi rubutu a 1068, ya ce mutanen Tadmakka, a arewacin Mali na yau, suna da dinari na zinariya tsantsa marar hatimi, har ya siffanta shi da mai sanƙo. An daɗe ana ganin zance ne kawai, sai a 2005 masu tonon kayan tarihi suka samo kaskon yumɓu masu ramuka da ake zuba narkakkiyar zinariya a ciki a kufan garin, da ɓurɓushin zinariya a jiki.

Ƙasar Hausa kuwa ba ta buga dinari ba. Ko Daular Sakkwato, da duk iliminta da tsarinta, ba ta buga kuɗinta ba. Wuri ne kuɗinmu, sai azurfar Turawa da ke shigowa ta hamada. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa wuri 2,500. Fatakenmu masu zuwa Gwanja sun san garin zinariya, da miskali suke auna shi. Saboda haka dinari ya zo mana ta hanya biyu, ta littafin fiƙihu da ta bakin fatake, amma kwandalar kanta ba ta zauna ba. Sunan ne ya zauna.

Yanzu mu koma kan masu tarawa. Tunda fasalin bai canza ba daga 77 zuwa 132, sai ya zama akwai shekaru 56 a jere, kuma burin duk mai tara dinaran Banu Umayya shi ne ya haɗa su cif, kowace shekara da nata. Yawancinsu ba su da wuyar samu yadda mutum zai zata. An buga su da yawa, zinariya kuma ba ta tsatsa, ga tukwanen da mutane suka binne ana ta tonowa. Da 'yan ɗaruruwan fam na Ingila mutum na iya sayen dinari na gaske mai shekara 1,300 a wajen dillalan da aka sani. Wannan a wurina abin mamaki ne, wata wayar hannu ta fi shi tsada. Mutum zai yi ta cike gurabe, ya samu na 78, na 79, na 80, har ya kusa kammalawa, amma gurbin farko yana nan fayau. Na 77 ba a cika shekara ana buga shi ba, tunda a farkonta mai hoton halifa ake bugawa, don haka kaɗan ne suka rage, wasunsu ma suna gidajen tarihi inda ba za su sake fita ba. Gidan tarihin Birtaniya na da ɗaya, kuma da BBC ta yi shirinta na tarihin duniya ta hanyar abubuwa 100 a 2010, an sa shi a ciki tare da ɗan uwansa mai hoto. In wani ya ɓullo a gwanjo, maganar fam dubu ɗari zuwa sama ake yi. Nauyinsu ɗaya da na 78, zinariyarsu ɗaya, ayoyinsu ɗaya. Kalma ɗaya ce a gefe ta raba su.

Amma ba shi ne ya fi kowane tsada ba. Akwai wani na shekara ta 105, shekarar da Yazidu ɗan Abdulmalik ya rasu ƙaninsa Hishamu ya gaje shi. A ƙarƙashin rubutun da aka saba an ƙara 'yan kalmomi da ke cewa ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz. Masana na danganta shi da ma'adinin Banu Sulaim, tsakanin Makka da Madina, inda ake kira Mahdud Zahab a yau, kuma har yanzu ana haƙar zinariya a wurin. Shi ne dinari na farko da ya ambaci wani wuri a ƙasar da ta zama Saudiyya, kuma waɗanda aka sani ba su wuce goma sha wani abu ba. A watan Afrilu na 2011, kamfanin gwanjo na Morton & Eden a Landan ya fito da guda ɗaya. An yi ta tayi har aka buga guduma a kan fam miliyan 3.1, da aka ɗora la'adar kashi 20 cikin ɗari ya tashi fam miliyan 3.72. Ba a bayyana sunan mai sayen ba. Zinariyar da ke jikinsa a farashin ranar ba ta kai fam 150 ba. Waɗanda suka sha kaye a ranar sai da suka jira shekara takwas. A Oktoban 2019 kamfanin ya sake fito da wani na 105, kuma abin kamar haɗin baki, ya tashi a kan fam miliyan 3.72 daidai.

Malamin da ke lissafa mana nisabi, in ka miƙa masa wannan dinari, sikeli zai nema. Mai tarawa kuwa madubin ƙara girma zai ɗauko ya bi gefen da kallo. Mu da muka taso a kasuwar zinariya da canji, idon malamin muke da shi: karat nawa, giram nawa, nawa ne giram yau. Wannan idon yana da kyau ga sarƙa da awarwaro, amma a nan yana iya jawo asara ta fuska biyu. Yana iya sa mutum ya narkar da abin da ya fi nauyinsa daraja sau dubu. Yana kuma iya sa ya sayi jabu yana murna, domin ƙwararren mazambaci a wannan harka ba ya rowar zinariya. Zai zuba maka tsantsa, giram 4.25 cif, ta ci kowane gwaji na dutse da ruwan gwaji, tunda ba a ƙarfen ribarsa take ba.

Akwai kuma tarko a cikin rubutun kansa. Rubutun Kufa na wancan zamani yawanci ba shi da ɗigo. In babu ɗigo, kalmar Larabci ta bakwai da ta tara kusan kamarsu ɗaya, haka ma saba'in da tis'in, bambancin bai wuce wane haƙori ne ya fi tsawo ba. Don haka 77 da 79 da 97 da 99 suna iya rikita wanda bai saba ba, kuma ukun ƙarshen nan na 'yan ɗaruruwa ne. Shi ya sa manyan masu saye ba sa tsayawa a karatun shekara. Suna gwada kwandalar da hotunan waɗanda aka riga aka tabbatar, su ga ko hatimi ɗaya ne ya buge su, sannan su nemi takardun asali: a hannun wa take, tun yaushe, a wane gwanjo ta taɓa fitowa. Takardun nan sun ƙara nauyi tun da yaƙi ya buɗe ƙofar wawashe kufai a Iraƙi da Siriya. A 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2199, wanda ya hana cinikin kayan tarihin da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba daga Iraƙi tun Agustan 1990, da Siriya tun Maris na 2011. Dinarin da ba shi da tarihin mallaka, ko na gaske ne, manyan gidajen gwanjo ba sa son taɓa shi, kuma yana iya jawo wa mai shi magana a filin jirgi.

Wannan daban yake da kwandalolin da alhazanmu ke sayowa iyali a kasuwannin Makka da Jidda, masu kan sarkin Ingila da mahayin doki a baya. Asalin waɗancan fam ɗin zinariya ne na Ingila, giram 7.98, karat 22, kuma da yawa daga na kasuwa bugun maƙeran gida ne da karat 21. Ajiya ce mai kyau, farashinta na bin farashin giram, babu laifi a huda ta ko a yi mata kunne a rataya a sarƙa. Amma wanda Allah ya sa tsohuwar kwandala mai rubutun Kufa ta faɗo hannunsa, ta gado ko ta ciniki, kada ya kai ta wajen maƙeri. Kada a wanke ta da sinadari, kada a goge ta don ta yi ƙyalli, kada a kankare gefenta a dutsen gwaji, domin a gefen nan shekarar take. A auna ta, a ɗauki hotonta gaba da baya cikin haske mai kyau, a naɗe ta a takarda mai laushi, sannan a nemi wanda ya iya karanta gefen.